Yadda za ka gano abin da ya ɗaure kamfaninku ga tsohuwar burauza, da yadda za ka kwance shi

In kana aiki a babban kamfani, banki ne ko asibiti ko kamfanin jiragen sama ko ma'aikatar gwamnati, to na san ka taɓa zama gaban kwamfutar ofis ranka ya ɓaci. Wayar da ke aljihunka tana buɗe komai nan take amma shafin da za ka cike fom ɗin neman hutu sai da wata tsohuwar burauza yake buɗuwa, in ka kuskura ka buɗe shi da Chrome sai ka ga wani farin fili a tsakiyar allo daidai inda fom ɗin ya kamata ya fito, ka danna maɓalli ka sake dannawa shiru, har sai wani tsohon ma'aikaci ya leƙo ya ce maka ai ba da wannan ake shiga ba. Abin da yawanci ake cewa shi ne 'yan IT malalata ne ko kuma oga ne marowaci. Wani lokacin haka ɗin ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Burauzar nan da kake gani ba don ana sonta aka bar ta ba, akwai wani abu a bayanta da aka ɗaure ta da shi, kuma sau da yawa wannan abun shi ne yake biyan albashin kowa a ƙarshen wata. In ba ka gano shi ba to duk ƙorafin da za ka yi a banza zai tafi.

Don haka abu na farko, kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, ka nemo igiyar.

Ga yadda aka yi aka ɗaura ta tun asali. A 2001 Microsoft ya fito da Internet Explorer 6 tare da Windows XP, kuma a shekarun nan sama da kashi 90 cikin 100 na masu hawa intanet da Internet Explorer suke hawa. To daidai lokacin ne manyan kamfanoni suke ta mayar da ayyukansu na takarda zuwa kwamfuta, tsarin albashi, lissafin kayan sito, rajistar ma'aikata, duk aka gina su a matsayin shafukan cikin gida. Masu rubuta manhajar ba su tsaya bin ƙa'idar da duk burauza za ta gane ba, sun rubuta ne daidai da halin Internet Explorer, har kurakuranta suka jingina da su, saboda a ganinsu ai ba wata burauzar da za a taɓa buƙata. Sannan ga ActiveX, wata fasaha ta Microsoft da ke bai wa shafi damar taɓa cikin kwamfutar kanta, ya yi magana da sikana ko firinta ko na'urar karanta kati. A lokacin abin burgewa ne, amma babu wata burauza da ke gudanar da shi sai Internet Explorer, kuma ƙofar da ya buɗe wa shafin kirki ita ce dai ya buɗe wa 'yan kutse. Haka aka yi da ƙananan manhajojin Java da ke gudana cikin shafi, da Silverlight, da Flash. Chrome ya rufe hanyar da irin su Java da Silverlight ke bi a 2015, Firefox ya bi sahu a 2017, Adobe ya daina kula da Flash a ƙarshen 2020. Burauzoji sun yi gaba, tsarin albashin kamfaninku yana nan inda aka bar shi, kamfanin da ya rubuta shi wataƙila ya rufe ko wani ya saye shi, injiniyan da ya san cikinsa ya yi ritaya, wani lokacin ma ainihin rubutun manhajar ba a san inda yake ba.

Kar ka ɗauka ƙananan wurare kaɗai ke faɗawa wannan ramin. Hukumar harajin Afirka ta Kudu, da Flash ya daina aiki a Janairun 2021 wasu fom-fom ɗinta na haraji suka tsaya cak, sai da ta fitar da tata burauzar ta musamman mai ɗauke da Flash don mutane su samu su cike. Koriya ta Kudu kuwa, ƙasar da ake misali da ita wajen saurin intanet, doka ce ta ɗaure ta: tun 1999 aka kafa tsarin takardar shaidar sa hannu ta intanet wanda a aikace sai da ActiveX yake tafiya, sai ya zama duk mai son shiga bankinsa ko sayayya a intanet dole ya bi ta Internet Explorer, ba a soke fifikon da doka ta ba wannan tsarin ba sai 2020.

To kai yanzu aikinka shi ne ka buɗe Excel ko ma ka ɗau littafi da biro ka bi tebur tebur. Kar ka tsaya a ofishin IT, su ma ba duka suka sani ba. Ka je wurin akawu, wurin masu sito, wurin mai karɓar baƙi, ka tambayi kowa wane shafi ne yake tilasta masa buɗe tsohuwar burauza. Kowane shafi ka rubuta adireshinsa, su wa ke amfani da shi, sau nawa, me ke lalacewa in an buɗe shi da sabuwa, wa ya gina shi, kwantiragin kula da shi na nan da rai ko ya mutu, sannan tambayar da ta fi kowacce, in ya tsaya yau me zai faru gobe. Ka dage wajen tambayar abubuwan da ba a taɓawa sai ƙarshen wata ko ƙarshen shekara, don su ne ke ɓoyewa, za ka ji an ce ai babu sauran komai sai ranar rufe lissafin shekara wata baiwar Allah a sashen kuɗi ta tuna akwai wani rahoto da ba ya fita sai ta tsohuwar hanya. Abin da ake yawan tararwa in an yi wannan zagayen shi ne shafukan da suke buƙatar tsohuwar burauza da gaske ba su da yawa, sauran kawai sabo ne, an gaya wa mutane tun ranar da suka kama aiki su kuma suka riƙe.

Abu na biyu, kuma a nan ne matasan injiniyoyi suka fi yin tuntuɓe, ka fahimci tsoron oga kafin ka raina shi. Tsoron nan yana da tushe wallahi. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan kwastomominsa daga tsohon tsari zuwa sabo a ƙarshen mako guda, abin ya watse, mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin asusun da ba nasu ba, shugaban bankin Paul Pester ya sauka a watan Satumba na shekarar, daga baya a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Duk wani manaja da ke riƙe da babban tsari ya san irin wannan labarin. Ga kuma na ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da abdet guda ɗaya, wato sabunta manhaja, daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Ka ga kenan sabo ma yana cizo. Sannan ka duba yadda ake rabon yabo da zargi a babban kamfani: in an canza tsari lafiya lau ba wanda zai ce sannu, don ba wanda ya ma lura, in kuwa ya fashe sunan wanda ya sa hannu kowa zai sani. Mutumin da saura masa shekara biyu ya bar kujera, me zai sa ya ɗauko wa kansa wannan?

Akwai kuma inda ba tsoro ba ne, hannu ne a ɗaure. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti ko injin masana'anta sukan zo da tasu kwamfutar, an gwada su tare an ba su shaidar amincewa tare, in ka canza Windows ɗin da ke ciki kamfanin da ya ƙera zai ce ba ruwansa da garanti, injin kuma an saye shi ne ya yi shekara ashirin alhali Windows shekara goma ake kula da shi. Jiragen Boeing 747-400 sun daɗe ana loda musu bayanan hanya da faifan fulofi saboda duk abin da aka canza a jirgi sai an sake bin doguwar hanyar tantancewa. Tsarin aika umarnin makaman nukiliyar Amurka ma bai rabu da fulofi mai inci 8 ba sai 2019. Kuma bari in faɗi wani abu da ba a cika faɗa ba, ba kowane mummunan allo ne mai jinkiri ba. Ka tsaya bayan ma'aikaciyar da ta shekara goma tana aiki da baƙin allon nan mai koren rubutu, hannunta ba ya zuwa kan linzami sam, yatsu ne kawai ke gudu a kan kibod, lamba, Tab, lamba, Enter, kafin ka karanta layin farko ta gama da mutum ta kira na gaba. Ka kawo mata sabon shafi mai kyan gani da sai ta danna wuri biyar ta jira kowanne ya loda, ka rage mata sauri ne, kuma tana da gaskiya in ta ƙi. In ka shiga da raini, irin waɗannan mutanen ne za su kashe maka shirin, alhali su ne suka fi kowa sanin abin da sabon tsarin ya kamata ya iya.

Duk da haka ni ina nan a kan cewa zama a kan tsoho bashi ne, kuma ruwansa ƙaruwa yake kullum. Aikinka na uku shi ne ka nuna wannan bashin da harshen da masu sa hannu ke ji, wato kuɗi da haɗari. Kar ka je kana cewa burauzar nan ta tsufa ko ba ta da kyau, ba wanda zai fitar da kasafi don kyau. Ka ce musu ranar da aka daina yi wa manhaja faci, wato gyaran da ke toshe ramukan da 'yan kutse ke bi, duk ramin da aka gano a jikinta daga ranar a buɗe zai zauna har abada. An daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilun 2014, gwamnatin Birtaniya ta biya Microsoft kimanin fam miliyan 5.5 don a ƙara mata shekara guda, rundunar sojan ruwan Amurka ta biya kimanin dala miliyan 9 a 2015 don irin wannan. Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma ƙarin wa'adin da ake sayar wa kamfanoni dala 61 ne kan kowace kwamfuta a shekarar farko, shekara ta biyu ya ninka, ta uku ya sake ninkawa. Ka ɗau adadin kwamfutocinku ka buga lissafin a gabansu, wannan kaɗai kan sa a gyara zama.

Sai ka kawo WannaCry, amma ka kawo shi daidai. A watan Mayun 2017 wannan manhajar mai kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa ta shiga hukumar lafiyar Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000, gwamnati ta ƙiyasta asarar fam miliyan 92. Mutane da yawa suna cewa XP ne ya jawo, alhali yawancin kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ne da ake kula da shi a lokacin, kuma Microsoft ya riga ya fitar da facin tun watan Maris, ba a dai saka ba ne. Wannan ya fi muhimmanci a gare ka, don yana nuna ciwon ba tsufan kaya kaɗai ba ne, ɗabi'ar jinkirta faci ce saboda tsoron kar tsohuwar manhaja ta fashe. In kana son misalin da ba na kutse ba, ga kamfanin jiragen sama na Southwest Airlines a Disambar 2022, guguwar hunturu ta zo tsarin rabon ma'aikatan jirgi ya kasa ɗaukar nauyin, aka soke tashi kusan 16,700, ma'aikatar sufurin Amurka ta ci su tarar dala miliyan 140. Ga kuma jihar New Jersey a Afrilun 2020 da gwamna Phil Murphy ya fito yana neman masu iya COBOL, harshen rubuta manhaja da aka ƙirƙira tun 1959, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya cushe. Ka tambayi oga, mutum nawa ne a gidan nan suka san cikin tsarinmu, kuma shekarunsu nawa? Sannan ka ƙara ƙananan asarar da ba a rubutawa, mintunan da kowane ma'aikaci ke ɓatawa kullum, kiran da ake yi wa 'yan IT kan matsala guda, sababbin manhajojin da kuka kasa saye don ba sa tafiya da tsohuwar burauza. Duk wannan ya shiga shafi ɗaya, kar ya wuce, dogon rahoto ba a karantawa.

Yanzu abin da za a iya yi tun kafin a samu kuɗin canza komai, wato a killace tsohon. Wannan shi ne matakin da ya fi arha kuma ya fi saurin amfani. Microsoft ya yi wa Internet Explorer 11 ritaya ranar 15 ga Yunin 2022, amma ya bar wani yanayi a cikin sabuwar burauzarsa Edge da ake kira IE mode, wanda ke buɗe tsofaffin shafuka da tsohon injin a cikin sabuwar burauza. 'Yan IT za su rubuta jerin adireshin nan da ka tattaro a cikin fayil guda su tura wa dukkan kwamfutoci ta Group Policy, wato hanyar tura saiti ga kwamfutocin ofis a lokaci guda, daga nan duk wanda ya buɗe shafin albashi zai buɗu da tsohon injin shi kaɗai, in ya koma sauran intanet sabuwar burauza ce ke aiki, ma'aikaci bai ma san an yi wani abu ba. Chrome ma yana da irin wannan da ke miƙa zaɓaɓɓun shafuka ga tsohuwar hanya. In kuma damuwar ita ce burauzojin zamani suna canzawa duk bayan 'yan makonni ba a samun lokacin gwaji, akwai Firefox ESR da ba ya babban canji sai kusan shekara shekara amma facin tsaro na zuwa, akwai kuma Extended Stable na Chrome da Edge mai sati takwas. Kwamfutar da ke manne da inji wadda ba yadda za a yi da ita, a cire ta daga intanet gaba ɗaya, a ware mata nata ɓangaren netwok da ba ya magana da kowa sai abin da ya zama dole, a toshe ramukan USB, a hana duba imel a kanta, a kuma ajiye cikakken kwafinta a gefe don ranar da faifanta zai mutu.

Sai dai fa killacewa tana da nata tarkon, da zarar ciwo ya lafa sai kowa ya manta. Microsoft ya ce zai kula da IE mode aƙalla zuwa 2029 ne, kuma tun 2019 wani jami'in tsaronsu mai suna Chris Jackson ya fito ya ce a daina ɗaukar Internet Explorer a matsayin burauza, hanyar lallaɓa tsofaffin shafuka ce kawai. Don haka kowane shafi da ya shiga jerin nan a rubuta masa sunan mai shi da ranar da zai fita, a riƙa duba jerin duk bayan wata uku, ya zama raguwa yake ba ƙaruwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a kafa doka ɗaya mai tsauri a sashen sayayya, duk sabuwar manhajar da za a saya dole ta yi aiki da kowace burauza ta zamani ba tare da wani ƙarin abu ba, a sa a kwantiragi cewa kamfanin zai ci gaba da sabunta ta, kuma in ya rufe za a ba ku rubutun manhajar da bayananku.

Wajen canjin kansa, darasin TSB ya isa, kar a kwashe komai dare ɗaya. A fara da ƙaramin tsari wanda in ya faɗi ba wanda zai rasa albashi, a gwada da sashe guda, a bar tsoho da sabo su yi tafiya tare na ɗan lokaci ana kwatanta sakamakonsu, a tabbatar akwai hanyar komawa baya kuma an gwada ta da gaske ba a takarda ba, a kauce wa ƙarshen wata da lokacin da aiki ya fi yawa. Ma'aikaciyar nan mai saurin yatsu a sa ta cikin masu gwaji tun ranar farko, in ta ce abu kaza ya fi wahala a saurare ta a gyara. Ka kuma bincika ko wata ƙa'ida ce a rubuce ke tilasta tsohon abun, don wani lokacin matsalar ba a kwamfuta take ba sam. Japan misali ce, ministan harkokin dijital na lokacin Taro Kono ya shelanta yaƙi da fulofi a 2022, kuma aikin da aka yi shi ne bin ƙa'idojin gwamnati sama da 1,000 da suka ambaci faifan ana gyara su, sai a Yulin 2024 ya sanar an gama. A kamfani ma haka ne, za ka tarar wata tsohuwar takardar odita ce ta ce sai da manhaja kaza, kowa yana bi ba wanda ya koma ya karanta.

In kuma kai ba ɗan IT ba ne, ma'aikaci ne kawai da abin ya dama, don Allah kar ka nemi hanyar bayan gida. Kar ka saka wata burauza a ɓoye, kar ka tura fayilolin aiki zuwa imel ɗinka don ka yi a wayarka, ta nan bayanan mutane ke zubewa kuma in an kama kai za a riƙe ba tsohon tsarin ba. Ka ɗau hoton allon lokacin da abin ya ƙi, ka rubuta adireshin shafin da abin da kake son yi da mintunan da ya ci maka, ka tura ta hanyar kai ƙorafi ta ofis, ka sa abokan aikinka su ma su tura nasu. Sau da yawa 'yan IT ɗin da kake jin haushi sun fi ka son a canza, sun nemi kuɗin an hana su ne, kuma tarin ƙorafin nan mai ɗauke da kwanan wata da lissafin lokaci shi ne abin da za su ɗauka su shiga da shi taron kasafi na gaba.